Gungume a Kan Ƙafar Orest

Ruwan ya riga ya kai wa Orest ƙugu sa'ad da Glenda ta daina yaudarar kanta cewa za ta iya ɗaga gungumen da hannu.

"Sake shi, Glen," in ji mijin nata, haƙoransa na kaɗawa. "Bayanki za ki karya a banza. Abin nan ya fi motar ɗaukar alkamarmu nauyi."

"Rufe min baki ka ja ƙafarka!"

"Na ja. Ita ce ta ƙi zuwa."

A zaune yake kan tsakuwar bakin teku, ya dafa ƙasa da hannu biyu ta baya, fuskarsa na kallon ruwa. Ƙafarsa ta dama, daga ƙwauri zuwa ƙasa, tana ƙarƙashin wani ƙaton gungumen itace da teku ya taɓa jefowa, wanda kaurinsa ya kai wa Glenda ciki. Ta cusa filafilin kwalekwale a ƙarƙashinsa ta danna da duk nauyinta, filafilin ya ce ƙas, ya rabu biyu. Ta tona tsakuwa da yatsu har faratanta suka yi jini, amma duk ramin da ta tona sai ruwa ya zo ya cike shi. Yanzu ga ta tsaye tana haki, ruwan sanyi na sara mata gwiwoyi kamar wuƙa.

Bana suka miƙa wa ɗansu gonarsu ta Saskatchewan, suka ce sai sun rama duk hutun da noma ya hana su. Tun farkon bazara suke kan hanya. Sun zauna wurin 'yarsu a Calgary har jikoki suka gaji da su. Sun hau duwatsun Banff da sanduna har ƙafar Glenda ta yi bororo. Sun sauka gidan yayar Orest a Kelowna, wadda ta yi ta ɗura musu abinci kamar tana kiwonsu. Daga nan suka wuce Campbell River wurin Murray, ƙanen Glenda, shi ne ya ba su aron jirginsa na shaƙatawa da ɗan kwalekwale mai inji da ake ja a bayansa. Murray ya fara yi musu bayanin cikar teku da janyewarsa ke nan, Orest ya daki kafaɗarsa ya ce, "Haba suruki, tun kana cikin tsumma nake tuƙa jirgi a tafkin Wakaw. Ruwa ai ruwa ne."

A tafki kuwa, inda ka bar bakin ruwa da safe, nan za ka same shi da yamma.

Yau da hantsi suka jefa anga a bakin wannan lungu na teku, suka bar babban jirgin can, suka shigo gaɓa da kwalekwale. Lokacin ruwa ya janye can ƙasa, gungumen yana kwance a busasshiyar tsakuwa kamar tun fil'azal yake wurin. Orest ya zagaya shi da igiyar kwalekwalen ta wani ɗan rami a ƙarƙashinsa, ya ƙulle, ya buga masa tafi ya ce ko guguwa ba za ta motsa wannan ba. Suka haye daji kallon wani ruwa mai zubowa daga dutse, suka ci burodi da kifi, Orest har da ɗan gyangyaɗi. Da suka sauko da la'asar, sai suka tarar teku ya cinye rabin gaɓar, kwalekwalen na rawa a kan ruwa. Orest ya naɗe wando ya shiga ta gefen tudu, ya durƙusa yana lalubar ƙullin. Wata doguwar igiyar ruwa ta shigo a hankali, ba ko ƙara, ta ɗaga gungumen kaɗan, ta mirgino shi kansa, ta koma abinta.

Glenda ta sake zaro wayarta. Babu sabis, kamar yadda babu tun shekaranjiya. Ta juya ta dubi bayansu. Can sama, a gindin bishiyoyi, ga busasshiyar ciyawar teku ta yi layi, shaidar inda ruwa ya tsaya a cikarsa ta baya. Ko ita da take tsaye, layin ya fi kanta tudu.

Orest bai juya ba, amma ya ga fuskarta.

"Har ina yake kaiwa?" ya tambaya.

"Ba nisa."

"Glenda, ke ko a wasan karta ba ki iya ƙarya ba." Ya nuna kwalekwalen da haɓa. "Saurara. Yanke igiyar nan, ki hau kwalekwale ki je jirgi. Oba-oba tana can kusa da sitiyari. Ki danna ki kira masu ceto."

Ta ɗaga ido. Jirgin yana can bakin lungun, ya zama ɗan fari ƙanƙani. Ta je, ta hau, ta kira, a amsa, a taso daga inda Allah kaɗai ya sani. Ta dubi ruwan, wanda yanzu ya rufe masa cibiya. A nan ta gane abin da yake nufi. Ba masu ceto yake so ta kira ba. So yake ta yi nisa, kada ta gani.

"Orest Pawluk," ta ce, "kai ma ba ka iya ba."

"To me za ki yi min a nan? Waƙa?"

"Gungumen nan ai itace ne. In ruwa ya ƙaru zai taso da kansa."

"Ya sha ruwa ya ƙoshi, tsohuwa. Kafin ya taso ni na sha nawa."

Wata igiyar ruwa ta shigo. Glenda ta ga gungumen ya numfasa, ya ɗan ɗaga kamar saniya za ta tashi, sannan ya koma ya zauna. Orest ya ƙwalla ƙara irin wadda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba, ko ranar da injin girbi ya cire masa ɗan yatsa. Ta durƙusa cikin ruwan ta rungume kansa. Jikinsa sanyi ƙalau.

"Ya motsa," ta ce a kunnensa. "Ka ji? Ya motsa."

"Na ji, a ƙashina na ji."

"Ba shi nake nufi ba. In ruwa ya ɗaga shi kaɗan, abu kaɗan yake bukata ya mirgina baya." Ta saki kansa ta riƙe kafaɗunsa. "Sau nawa na ciro ka daga laka da tarakta?"

Ya dube ta. Leɓɓansa sun fara yin shuɗi, amma idanunsa suka farfaɗo.

"Kullum sai kin fizga kin tsinke sarƙa," ya ce.

"Kullum dai kana fita."

"Injin kwalekwalen nan bai kai ƙarfin injin yankan ciyawa ba."

"Kana da wani a aljihu?"

Nan take ya koma Orest ɗin gona, mai ba da umarni ko ba a tambaye shi ba. "Akwai doguwar igiya a ƙarƙashin benci. Kin ga guntun reshen nan na gefena, can ƙasa? Nan za ki ɗaura. Ki haurar da ita ta saman gungumen zuwa teku, ki ƙulle a bayan kwalekwale. Ta sama, Glen, ba ta gefe ba. In kin ja ta gefe, jan sa za ki yi a kan ƙafata."

"In kuma ya mirgino wajenka?"

"Sai ki huta da minsharina."

Ta zaro wuƙar yanka burodi daga jakar baya, ta haye gungumen da ciki, ta sauka ɗaya gefen inda ruwa ya kai mata ƙugu. Numfashinta ya ɗauke. Ta jawo kwalekwalen, ta ciro doguwar igiyar da rigar iyo mai hana nutsewa guda, sannan ta yanke igiyar da ta maƙale. Ta dawo ta sa wa Orest rigar, tana cusa hannuwansa kamar na jariri. Ɗaurin reshen ne ya kusa gagararta. Reshen yana cikin ruwa, yatsunta kuma sun mutu, ba ta jin igiyar, sai dai ta ga tana motsi. Ta ƙulla, ya zame. Ta sake ƙullawa.

"Wane irin ƙulli ne wannan?" in ji Orest. "Kyautar Kirsimeti kike naɗewa?"

"In ka ƙara magana sai in ɗaura a wuyanka."

Ruwan ya kai masa hammata lokacin da ta faɗa cikin kwalekwalen kamar buhu. Ta ƙulle igiyar a baya, ta tura kanta nesa da gungumen da guntun filafili, ta kama igiyar tayar da inji ta fizga.

Injin ya yi tari ya yi shiru.

Ta sake fizga. Ta sake. Kafaɗarta ta dama, wadda likita ya hana ta ɗaga ko tukunya da ita, ta ɗauki zafi kamar an soka mata ƙarfe. Tun da suka karɓi jirgin nan ba ta taɓa tayar da injin ba, Orest ne kullum. Ta fizga da hannu biyu har ta faɗi da baya.

"Ya ƙi tashi!" ta yi ihu. "Orest, ya ƙi!"

Ba ta ganin komai nasa ta bayan gungumen sai furfurar kansa. Shiru.

"Orest!"

"Jan abin nan," muryarsa ta zo a shaƙe. "Ɗan jan makullin nan mai igiya. Ba ya tashi sai da shi."

"Yana ina?"

"Aljihuna."

Ba ta zage shi ba, babu numfashin yi. Ta ja igiyar hannu bayan hannu har kwalekwalen ya koma ya daki gungumen, ta miƙe a kai da ciki, ta leƙa. Ruwan na lasar haɓarsa. Ya tanƙwasa wuya baya, yana kallon sama, rigar iyon ta taso masa har kunne.

"Wane aljihu?"

"Na wando. Dama. Hannuna ya ƙi shiga."

Ta ja numfashi ta cusa kanta da kafaɗunta cikin ruwan. Duhu kore, gishiri a ido, sanyi ya matse mata kai kamar an sa a maƙata. Ta bi jikinsa da hannu, ta sami bel, ta sami bakin aljihu. Jiƙaƙƙen wandon ya manne. Ta tura yatsu da ƙarfi, ta ji wuƙar aljihunsa, ta ji alewar tari, sannan wani abu mai lanƙwasa kamar wayar tarho. Ta damƙe, ta fito tana tari.

Fuskarsa na dab da tata. Wata 'yar igiyar ruwa ta wanke masa baki, ya tofar.

"Glen," ya ce. "In bai yi ba, kada ki sake dawowa nan. Ki faɗa wa yara..."

"Ka faɗa musu da bakinka. Ni ba 'yar aikenka ba ce."

Ta koma cikin kwalekwalen, ta maƙala jan makullin a inda ta sha ganin yana maƙalawa, ta taka benci da ƙafa ɗaya, ta ce, "Ya Ubangiji, ka taimake ni yau kaɗai," ta fizga. Injin ya yi gurnani ya kama.

Duk jikinta cewa yake ta murɗa mai har ƙarshe. Ta danne zuciyarta. Ta sa giya, ta tafi a hankali har igiyar ta fito daga ruwa ta miƙe tana ɗiga. Ta ƙara mai kaɗan. Bayan kwalekwalen ya nutsa, ruwa ya yi ta tafasa a ƙarƙashin injin, gungumen ko gezau. Ta sassauta. Ta sake ja. Ja, saki, ja, saki, yadda ake lallaɓa motar da ta kafe a laka har ta fara jijjiga da kanta. A ja na huɗu ko na biyar ta ga bayan gungumen ya ɗan juya, baƙin gefensa mai gansakuka ya leƙo, ya koma.

Ta waiga neman furfurar kan Orest. Ba ta gan ta ba.

Hannunsa kaɗai ta gani, ya fito ta saman gungumen, yatsu huɗu a buɗe, suna buɗewa suna rufewa.

Ihun da ta yi sai da ya tayar da tsuntsaye daga bishiyoyi. Hannunta ya kai ga mai zai murɗa, sai ta hangi abin da take jira. Can daga bakin lungun wata doguwar igiyar ruwa tana tahowa, santsi, ba sauri, kamar ba ruwanta da kowa. In ta fizga yanzu, ko igiya ta tsinke ko reshe ya karye, shi ke nan. In ta jira, mijinta yana ƙarƙashin ruwa. Ta jira. Tana kallon hannun, tana kallon igiyar ruwan, tana kuka da baki buɗe. Yatsun suka rage motsi. Kwalekwalen ya ɗaga a ƙarƙashinta, ya sauka, tudun ruwan ya wuce ta ya nufi gaɓa. Daidai lokacin da ya taɓa gungumen, ta murɗa mai har ƙarshe.

Igiyar ta yi ƙara kamar za ta tsage. Gungumen ya ɗaga, ya tsaya a kan gefensa kamar yana shawara, sannan ya mirgino wajen teku da wani irin gurnani, ya watsa ruwa sama. Reshen ya karye, kwalekwalen ya yi tsalle gaba, Glenda ta kifa kan benci, bakinta ya fashe.

Ko jinin ba ta goge ba. Ta kashe injin, ta faɗa ruwa, rabi iyo rabi gudu, ta zagaya ƙarshen gungumen. Rigar iyon ta taso da shi. Yana kwance a kan ruwa rigingine, ido a rufe, baki a buɗe.

Ta kama wuyan rigar ta ja shi baya-baya har tsakuwa, ba ta san inda ƙarfin ya fito ba. Ta juya shi gefe, ta daki bayansa, ta sake duka, tana kiran sunansa, tana haɗawa da duk zagin da ta tara masa tun ranar aurensu. Jikinsa ya girgiza. Ya amayo ruwan teku da burodi da kifi, ya ja wani numfashi mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ta zube a kansa.

"Kin tsinke," ya ce can ƙasan maƙoshi, bayan an ɗauki lokaci. "Na ji ƙarar."

"Reshe ne ya karye, ɗan banza. Igiyata lafiya lau."

Sai a lokacin ta dubi ƙafar, ta yi saurin kawar da kai. Takalmin ya juya inda takalmi bai kamata ya kalla ba, jini kuma na bin ruwan a hankali. Ta cire bel ɗinsa ta ɗaure sama da gwiwa, ta haɗa ƙwaurin da guntayen filafili da ɗankwalin wuyanta. Ya suma sau ɗaya tana cikin yi, ya farfaɗo. Jikinsa ya daina rawar sanyi, ita kuwa ta san wannan ba alheri ba ne. Yana bukatar bargo, da ɗumi, da oba-obar nan, kafin rana ta faɗa bayan duwatsu.

Ta kamo kwalekwalen, ta kwance igiyar, ta kawo shi gefensa. Yadda ta shigar da shi ciki, ita kanta ba za ta iya ba da labari ba. Ta tayar da injin, wannan karon bugu ɗaya, ta juya kai wajen farin jirginsu.

"Saura kaɗan, tsoho," take ta faɗi. "Kada ka yi min barci. Yi magana. Faɗa min yadda Murray zai yi maka dariya."

"Kada ki faɗa masa."

"Shi zan fara kira."

Sun ci rabin hanya ke nan ta ji ƙarar wani injin, mai kauri, ba irin nasu ba. Daga bayan wani dutse da ya shigo cikin ruwa wani kwalekwalen ƙarfe ya fito, toka-toka, ba suna ba lamba a jikinsa. Glenda ta miƙe tsaye tana ɗaga hannu, hawaye na zuba.

"Taimako! Nan! Mijina ya karye!"

Kwalekwalen bai nufo su ba. Ya yanka a hankali ya tsaya tsakaninsu da jirginsu, ya gicciye, dole ta sassauta mai. Mutum ɗaya ne a ciki, dogo, mai gemu, sanye da rigar ruwan sama wadda ta tsufa. Ya kashe injinsa. Bai dubi ƙafar Orest ba ko sau ɗaya. Da kwalekwalen biyu suka matso juna, ta ga bindigar farauta kwance a kan cinyarsa.

"Sannu da aiki, baiwar Allah," ya ce, murya a kwance. "Kin iya ja. Tun da gungumen ya mirgino kansa nake kallonku daga bayan dutsen can."

Hannunta ya sauko a hankali. "Kana kallo?"

"Ina kallo. Ban zaci zai fita ba." Ya miƙo hannu ya kama bakin kwalekwalensu, ya riƙe. Ya waiga ya ƙare wa farin jirgin kallo, sannan ya dawo da idonsa kanta. "Ku biyu ne kaɗai? Akwai wanda ya san kuna nan?"